Yadda Sikeli da Alƙalami Suka Sauya Kazar Nama

A shekarar 2014 wasu masana kiwo na Jami'ar Alberta da ke Kanada, ƙarƙashin jagorancin Martin Zuidhof, suka fitar da sakamakon wani gwaji da ko yaro zai gane. Irin kajin nama uku suka haɗa: na 1957 da na 1978, waɗanda jami'ar ta adana ba tare da zaɓen iri ba, sai irin kasuwa na 2005. Abinci ɗaya aka ba su, kulawa ɗaya, aka kuma ɗora su a sikeli ranar da suka cika kwana 56. Kazar 1957 ta yi giram 905, ta 1978 ta yi 1,808, ta 2005 kuwa giram 4,202. Babu allurar ƙiba a cikin maganar, duk da jita-jitar da ke yawo a kasuwanninmu. Abin da ya raba kajin nan uku shi ne shekara kusan hamsin da aka kwashe ana awo, ana rubutawa, ana zaɓen wadda za ta haifi na gaba.

Ni malamin lissafi ne, ina kuma taɓa kiwon kaji a bayan gida. Sana'o'in nan biyu sun haɗe mini a kan wani lanƙwasasshen layi guda ɗaya, mai siffar harafin S da aka ɗan miƙar, wanda ke fitowa duk lokacin da aka zana nauyin kaza daga ƙyanƙyasa zuwa girma. Layin yana da tarihi na kusan shekara ɗari biyu, kuma mutumin da ya fara rubuta ƙa'idarsa ba kaji ne a gabansa ba.

Sunansa Benjamin Gompertz, an haife shi a Landan a 1779. Bayahude ne, a zamanin da manyan jami'o'in Ingila ba sa karɓar wanda ba ɗan cocin ƙasar ba, don haka shi ya koyar da kansa lissafi daga littattafai. A 1824 ya zama mai ƙididdiga a kamfanin inshora na Alliance, inda aikinsa shi ne ƙiyasta shekarun da suka rage wa masu sayen inshorar rai, don a san nawa za a caje su. Shekara guda bayan haka, a 1825, ya gabatar wa Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Masarautar Ingila abin da ya gano a cikin jadawalin mace-mace. Ya ce ƙarfin da jikin mutum ke da shi na jure wa mutuwa yana raguwa ne da kaso iri ɗaya a tsakanin lokuta masu tsawo ɗaya. Ma'ana, haɗarin mutuwa ga baligi ninkuwa yake yi bi da bi, kuma ƙididdigar zamani ta nuna yana ninkuwa kusan duk bayan shekara takwas. Gompertz ya rasu a 1865, ƙa'idarsa tana nan a hannun 'yan inshora kaɗai.

A Beljiyam kuma wani masanin lissafi, Pierre-François Verhulst, ya biyo ta wata hanyar. Damuwarsa ita ce maganar Thomas Malthus cewa jama'a za su yi ta ninkuwa har abinci ya gaza. A 1838 Verhulst ya rubuta ƙa'idar da ke nuna yawan jama'a yana tashi da sauri, sannan ya yi ta sassautawa yayin da yake kusantar iyakar abin da ƙasa za ta iya ciyarwa. Aka manta da aikinsa har 1920, lokacin da Raymond Pearl da Lowell Reed na Jami'ar Johns Hopkins suka sake gano wannan ƙa'ida suna nazarin yawan jama'ar Amurka. Shi Pearl ɗin nan daga cikin kaji ya fito, domin daga 1907 zuwa 1918 yana tashar binciken noma ta jihar Maine yana ƙirga ƙwan da kowace kaza ke yi. Wani abokin aikinsa, Charles Winsor, shi ne a 1932 ya zauna ya nuna dalla-dalla yadda ƙa'idar Gompertz ke bayyana girman jikin halitta, da inda ta sha bamban da ta Verhulst.

Ta yaya lissafin mutuwa ya zama lissafin girma? Juya shi kawai aka yi. Tun a 1891 Charles Minot na Jami'ar Harvard ya yi ta auna ɓerayen Masar, ya lura cewa idan da kason nauyin jiki aka duba, dabba ba ta da lokacin da take girma da ƙarfi kamar farkon rayuwarta, daga nan sai raguwa. Duk mai kiwon buroila, wato kazar nama, ya ga wannan da idonsa. Ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai da giram 40 zuwa 45. Kafin ya cika mako ya ninka nauyinsa sau huɗu ko fiye. A mako na biyu ninki biyu da rabi yake yi, a na uku da ƙyar ya kai ninki biyu. Ƙarfin ninkawa yana ta zubewa da kaso iri ɗaya, daidai yadda Gompertz ya faɗa game da ƙarfin jure wa mutuwa. Amma da yake jikin da ake ninkawa yana ƙara girma, giram ɗin da kazar ke ƙarawa kullum yana ci gaba da hawa har wajen mako na biyar zuwa na shida, inda yakan kusanci giram ɗari a rana a kyakkyawan yanayi. Nan ce ganiyar girma. Daga nan kazar tana ƙara nauyi, amma kowace rana ƙarin bai kai na jiya ba. Manomi ya san irin wannan tafiya a gonar gero: makonnin farko kamar ba ya motsi, sai ya zabura ya yi kara, da ya fitar da kai kuma tsawo ya tsaya.

Amfanin ƙa'idar shi ne tana dunƙule rayuwar kaza cikin lambobi uku kacal: nauyin da za ta tsaya a kai idan aka bar ta ta gama girma, saurin da take kusantar wannan nauyi, da ranar da take kai ganiya. A lissafin Gompertz, ganiya tana zuwa ne lokacin da jiki ya kai kashi 37 cikin 100 na cikakken nauyinsa. Kazar da za ta tsaya a kilo shida za ta kai ganiya tana da kilo biyu da giram ɗari biyu ko kusa da haka. A lissafin Verhulst sai an kai rabi cif. Kaji sun fi bin na Gompertz, shi ya sa har gobe shi ne kan gaba a wannan fanni.

Wasu masanan sun zo da nasu. Samuel Brody na Jami'ar Missouri ya tattara aikin shekaru a kan shanu, aladu da kaji cikin wani littafi mai shafi sama da dubu a 1945, inda ya raba girma gida biyu, zangon da yake ƙara gudu da zangon da yake taka wa kansa birki. Ludwig von Bertalanffy, ɗan Ostiriya, ya nemi dalilin abin. Ya ce girma rara ce tsakanin gini da rushewa a cikin jiki: yayin da jiki ke girma, abin da yake kashewa don kawai ya rayu yana ƙaruwa fiye da abin da yake iya ginawa, ranar da biyun suka yi kunnen doki kuwa girma ya ƙare. A 1959 F. J. Richards, masanin tsirrai a Ingila, ya fitar da ƙa'ida mai lamba ta huɗu wadda ke barin ganiya ta faɗo duk inda awo ya nuna. Anna Kane Laird kuma, a shekarun 1960 a Amurka, ta fara da auna girman ciwon daji, sannan ta gwada ƙa'idar Gompertz a kan tsuntsaye da dabbobi, ta sake rubuta ta yadda za a fara lissafi daga nauyin ranar haihuwa. Wannan sigar ta yi wa masu kaji daidai, tunda nauyin ɗan tsako abu ne da kowa ke iya aunawa.

Yayin da masu alƙalami ke wannan aiki, sana'ar da za ta ci moriyarsa tana tasowa a gabar gabashin Amurka. A 1923 wata mata mai suna Cecile Steele, a ƙauyen Ocean View na jihar Delaware, ta yi odar 'yan tsaki 50 don su yi mata ƙwai, aka yi kuskure aka kawo mata 500. Ba ta mayar ba. Ta gina musu ɗan ɗaki, ta sa murhu, ta raine su, daga ƙarshe ta sayar da 387 da suka rayu a kan senti 62 kowace laba. Ribar ta sa ta sake, kuma zuwa 1926 tana da wurin kaji dubu goma. Maƙwabta suka bi sahu. Kafin wannan lokaci naman kaza ragowa ne daga sana'ar ƙwai, wato zakarun da ba a buƙata da tsofaffin kajin da suka daina yi. Gano bitamin D a farkon shekarun 1920 ya taimaka ƙwarai, domin da zarar an zuba man hantar kifi a abinci, ana iya tsare kaji a ɗaki ba rana ƙafafunsu ba su lanƙwashe ba. Alƙaluman masana'antar sun nuna cewa a 1925 kazar nama a Amurka tana cin kwana 112 kafin ta kai kilo ɗaya da 'yan kai, tana cinye kilo 4.7 na abinci kan kowane kilo na nauyi, kuma kashi 18 cikin 100 suna mutuwa kafin ranar kasuwa.

Gasar da ta karkatar da akalar sana'ar ita ce wadda kamfanin kantuna na A&P ya ɗauki nauyi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, don neman kaza mai faɗin ƙirji da saurin girma. An fara a matakin jihohi a 1946, aka yi zagayen ƙarshe a 1948 a Georgetown ta jihar Delaware. Masu kiwo 40 ne suka kai wannan mataki, kowa ya aiko da ƙwai 720. Aka ƙyanƙyashe su wuri guda, aka raine su mako goma sha biyu da abinci ɗaya, ana rubuta nauyi da yawan abin da suka ci, sannan aka yanka aka duba nama. Charles Vantress na Kalifoniya ya yi nasara da kazar da ya samu ta hanyar haɗa irin Cornish da New Hampshire, Henry Saglio na gonar Arbor Acres kuma ya yi fice da fararen kajinsa. Sunayen Vantress da Arbor Acres suna nan a sana'ar 'yan tsaki har yau. Babban gadon gasar dai shi ne tsarin hukuncinta: ranar awo ɗaya ga kowa, wadda ta fi nauyi da ƙarancin ci ita ce gwana.

Idan aka yi ta zaɓen kazar da ta fi nauyi a tsayayyar rana, zuriya bayan zuriya, layin girma ne ake lanƙwasawa gaba ɗaya: cikakken nauyi ya ɗaga sama, hawan ya ƙara tsayi. Paul Siegel na jami'ar Virginia Tech ya nuna iyakar ƙarfin wannan zaɓe. A 1957 ya raba garke guda na kajin White Plymouth Rock gida biyu, yana zaɓen mafi nauyi a mako na takwas a ɓangare ɗaya, mafi rashin nauyi a ɗayan. Bayan shekara hamsin, bambancin da ke tsakaninsu ya haura ninki goma. Masu nauyin ba su san ƙoshi ba, a cikin ƙananan kuma har akan sami 'yan tsakin da ba sa son cin abinci. Binciken Gerald Havenstein da abokan aikinsa a jihar North Carolina, wanda ya fito a 2003, ya ƙiyasta cewa kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na ƙarin girman da aka samu daga gado ya zo, ragowar ne na ingancin abinci.

Da kwamfuta ta shigo, lissafin ya wuce bayyana abin da ya faru, ya koma hasashen abin da zai faru. Tun daga farkon shekarun 1980 Gerry Emmans a Edinbura ya ɗora tsarinsa a kan ƙa'idar Gompertz: a fara sanin yawan tsokar da jinin kaza zai iya ginawa kowace rana, daga nan a lissafa abincin da za ta nema don cim ma hakan, da abin da zafi ko ƙarancin furotin zai rage mata. Shi da Colin Fisher da Rob Gous na Afirka ta Kudu suka mayar da wannan tunani manhajar da masu haɗa abincin kaji ke amfani da ita. Rabon abinci zuwa na farawa, na girma da na ƙarasawa, wanda muke gani a rubuce a jikin buhu, bin sawun wannan layi ne. A yau buroila a Amurka tana kai kusan kilo uku cikin kwana 47, da abincin da bai kai kilo biyu ba kan kowane kilo. Naman da a da sai ranar biki ya zama cimar talaka a ƙasashe da yawa, kuma ban raina wannan nasara ba ko kaɗan.

Sai dai akwai abin da sikeli bai gani ba, ni kuwa na gan shi a ɗakin kajina. Buroila 'yar mako shida tana kwance a gindin mazubin abinci, ƙirjinta ya sule saboda yawan kwanciya a kan garin katako. Ta yunƙura ta yi taku uku zuwa wurin ruwa, ƙafafu a buɗe, ta sake zubewa baki a wangale tana haki. Tsoka ta riga ƙashi da zuciya da huhu girma. Daga nan ne ciwon ƙafa, da taruwar ruwa a ciki, da mutuwar farat ɗaya suka zama ruwan dare a shekarun 1980 da 1990. Iyayen da ke yin ƙwan waɗannan kaji kuwa dole a taƙaita musu abinci sosai, a riƙe su a kan wani layin nauyi da ke can ƙasa da abin da jininsu ke nema, in ba haka ba ƙiba ta hana su haihuwa. An so a yi garin neman gira a rasa ido. Ba lissafin ne ya yi ƙarya ba, ya amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. Abin da aka ɗora a sikeli shi ya gyaru, abin da aka bari a ƙasa shi ya biya kuɗin. Da kamfanonin iri suka soma auna ƙarfin ƙafa da lafiyar zuciya suna sa su cikin sharuɗɗan zaɓe, waɗannan matsaloli sun ragu. A Holan kuma, a tsakiyar shekarun 2010, manyan kantuna suka koma sayar da kaji masu jinkirin girma, aka ƙayyade ƙarin nauyi a wajen giram 50 a rana.

Wannan tarihi yana sauka a tashoshin motarmu cikin kwalaye masu huji. Yawancin 'yan tsakin da ake kiwo a arewacin Najeriya daga wuraren ƙyanƙyasa na yankin Ibadan ake ɗauko su, jininsu kuwa na Ross ne ko Cobb ko Arbor Acres. Kowane iri yana da jadawalin da kamfaninsa ya buga, mai nuna nauyin da ya kamata a gani kowace rana. Amma an samo waɗannan lambobi ne a ɗakunan da ake sarrafa iskarsu, inda manyan kaji ke zaune a sanyin da bai wuce digiri ashirin da 'yan kai ba. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, a watan Afrilu, zafi yana taɓa digiri 40. Kaza ba ta gumi, haki ne kaɗai mafitarta, kuma abu na farko da take yi idan zafi ya dame ta shi ne rage ci. Layin nata sai ya kwanta, ganiyarta ta yi ƙasa. Mai kiwon da ya riƙe jadawalin kamfani kamar alkawari zai yi ta zargin mai sayar da abinci, alhali kwanon rufin ɗakinsa ne ke cinye masa riba.

A kasuwanninmu da hannu ake awo. Dillali ya kama kaza ta fukafukai, ya ɗan jinjina ta sama, ya sa babban yatsa ya latsa gefen ƙashin ƙirji, ya faɗi kuɗi. Gwaninta ce ta gaske, kuma da wuya ya yi nisa da gaskiya. Amma hannu ba ya ajiye tarihi, ba zai gaya maka ko ƙarin wannan mako ya kai na makon jiya ba. Sikelin rataye da bokiti da littafin rubutu sun isa su cike wannan giɓi. A ware rana ɗaya a mako, da sassafe, a tare kaji a kusurwa a auna duk wadda ta faɗo ciki ba tare da zaɓen manya ba, a rubuta tare da yawan abincin da aka ci. Abinci ne ke lashe kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo. A makon farko kilo ɗaya na abinci yana ba da kusan kilo ɗaya na nauyi, amma a mako na takwas sai an zuba fiye da kilo biyu. Makon da kuɗin abincin da aka ci ya zarce kuɗin naman da ya ƙaru, ranar sayarwa ta riga ta wuce. Mai nufin kasuwar Sallah ko Kirsimeti, daga ranar kasuwa zai ƙirgo baya ya san ranar zuba 'yan tsaki.

Babban aikin da ya rage shi ne na kajinmu na gida. Kazar Hausa takan kwashe wata biyar ko fiye kafin ta kai kilo guda, kuma idan da ma'aunin gasar 1948 aka auna ta, ba ta da abin faɗa. Amma tana kiwon kanta a tsakar gida, tana kwanci ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta, tana ƙetare bazarar da ke kashe buroila. Masananmu ba su zauna ba. Cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta fitar da Shika Brown mai ƙwai, Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta ta fitar da FUNAAB Alpha da aka yi wa rajista a 2018, ga kuma Noiler da ta shiga ƙauyuka da yawa. Ana gwada ƙa'idojin Gompertz da Richards a kan irin waɗannan kaji a jami'o'inmu. Roƙona ga masu wannan aiki shi ne kada su maimaita takun Amurka sak. Tun daga zuriyar farko, a sa nauyi a shafi ɗaya, a sa kusa da shi yawan waɗanda suka rayu, da zafin ɗaki, da kuɗin masara da waken soya, da ko kazar tana iya tsayawa da ƙafafunta. A auna a bazara, a auna a damina, a auna da hunturu, a gidajen matan da su ne ainihin masu kajin karkara. Da ɗan gari akan ci gari, kuma jadawalin da zai amfani mai kiwo a Funtuwa ko Damagaram sai an rubuta shi da kajin Funtuwa da Damagaram.